Gishiri a Bangon Gabas

Litinin, 6 ga Maris

Da safe Corrado ya tare ni a ƙofar shagon kofi. Magajin gari ne yanzu, amma ni har gobe ɗan mahaucin nan nake gani, mai yawo da gajeren wando da majina. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce majalisa ta yanke magana. Ranar bikin waliyyin gari, 24 ga Yuni, za a sake buɗe Babban Zauren fadar gari bayan gyaran da ake yi, kuma a ranar za a ba ni lambar yabo ta garinmu, Torrevalda. Za a manna allon marmara kusa da ƙofa: Ermete Fabbrini, wanda ya tsai da bangon gabas bayan girgizar ƙasa.

Na ce masa, to, madalla. Ban nuna komai a fuska ba. Na ma yi masa faɗan ramin da ke titin kasuwa.

Aji uku na yi a sakandare na ajiye biro na ɗauki cokalin gini. Gidaje ɗari da goma sha huɗu na tayar a kwarin nan, da makaranta, da gada ɗaya. Babu wanda ya tsage. Ubana tumakin wasu ya yi kiwo har ya mutu. Yanzu sunansa zai hau marmara a ɗakin da ake ɗaura aure, ake rantsar da magajin gari.

Taliya faranti biyu na ci da rana.

Talata, 7 ga Maris

Matata Amedea ta fito da kwat ɗin bikin 'yarmu, ta gwada mini. Maɓalli ya ƙi haɗuwa. Ta ce, "Ermè, ko dai kwat ta girma ko kai ka ragu, zaɓi ɗaya." Wurin tela za a kai.

Alhamis, 9 ga Maris

Karta da Nazzareno bayan abincin rana, kamar kullum. Shekara talatin da takwas yana riƙe da makullan fadar gari kafin ya yi ritaya, shi ya sa nake ce masa tsohon ɓera. Ina shiga ya miƙe ya cire hula: "A ba da hanya! Ga mai marmara nan!" Kowa dariya. Ya ce a gaya wa mai sassaƙa ya bar fili a ƙasan sunan, ko za a ƙara wani abu daga baya.

Na ce me za a ƙara?

Ya ce, "Ni na sani? Raba karta."

Na cinye shi sau uku. Haushi ne kawai yake ji.

Laraba, 15 ga Maris

Na leƙa zauren. Ai dole in ga inda za a sa allon.

Sun cika shi da dandamalin ƙarfe har rufi. Mai gyaran mace ce, an ɗauko ta daga birni, sunanta Sperandio. Shekarunta za su kai arba'in da 'yan kai, siririya, tana sanye da farar riga irin ta masu asibiti. Kowa na ce mata Dottoressa, wato Dakta. A ƙasar nan duk wanda ya kwana huɗu a jami'a dottore ne. Na ce mata Dottoressa ni ma, amma na ja kalmar yadda za ta gane.

Ba ta gane ba, ko ta yi kamar ba ta gane ba. Ta ce, "Kai ne Signor Fabbrini? Na karanta takardarka a ma'ajiyar gari." Ta ce da ba don ni ba da yau ba ta da bangon da za ta gyara. Wannan kam gaskiya ta faɗa.

Na daɗe ban tsaya na kalli ɗakin ba. Mutum ya saba. A nan aka ɗaura mana aure da Amedea, kuma abin da na fi tunawa takalmin da ya matse ni. Sun wanke tsohon zanen da ke bangon yamma, sai ga shanun nan masu huɗa sun fito fari fat, alhali duk rayuwata na ɗauka ruwan toka ne. Dattawan majalisa goma sha biyu da jajayen riguna, ɗaya da hanci sak na Nazzareno. A zanen bangon gabas kuma matar nan da muke kira Adalci tana zaune da ma'auni a hannu. Shekara ɗari biyar tana kallon duk wanda ya shigo. Kakata takan ce idonta na bin maƙaryaci har ƙofa.

Na nuna wa Corrado cewa gefen dama na ƙofa ya fi haske.

Lahadi, 19 ga Maris

Rana mai kyau. Na ɗaure itacen inabi, na shuka wake layi huɗu. Amedea ta sake tayar da maganar ramin da ke bayan gidanmu, wai a cike shi ta sa tumatir.

Ramin farar ƙasa ne na Maestro Gualtiero, wanda ya koya mini aiki. Maestro muke ce wa gwanin da ya koya wa mutum sana'a. Shi ya ƙona dutsen da hannunsa, ya jiƙa, ya rufe da ruwa. Da na sayi filin bayan rasuwarsa, da ramin na saya. Ban taɓa ɗiban ko cokali ɗaya ba, mu mutanen siminti ne. Amma duk wata nakan ɗaga katakon in ƙara ruwa kada ya bushe. Shekara talatin da uku ke nan. Sabo ne kawai.

Ta ce, "Kana shayar da rami kamar jaki, ba ya haihuwa ba ya ɗaukar kaya." Na ce a bar shi sai kaka. Haka na ce bara.

Juma'a, 24 ga Maris

Yau na hau dandamalin. Dottoressa ce ta ce in hau, ba ni na roƙa ba. Ta tambaya ko gwiwata za ta iya. Ni! Na riga ta kaiwa sama.

Ta kashe fitilun, ta kwantar da hasken tocila a jikin bango ta gefe. Sai ga layuka sun fito kamar ɗinkin bargo. Ta fara yi mini bayani wai zanen nan a kan ɗanyen shafe ake yin sa, mai shafe ya shafa daidai abin da mai zane zai iya gamawa kafin ya bushe, gobe a ɗora wani. Na bar ta ta gama. Ta ce ta ƙirga aikin yini arba'in da shida a bangon gabas, fuskar Adalci kaɗai yini guda ce.

Na ce arba'in da bakwai. Na ɗora yatsanta a ƙarƙashin ma'aunin, inda leɓen wani shafe ya hau kan wani. Siriri ne ƙwarai, ido ba ya gani, sai yatsa. Ta ciro littafinta ta gyara.

Sannan na ce mata mai shafen bahago ne. Ta ce ta yaya na sani? Na ce dubi yadda cokalin ya share, daga dama yake saukowa hagu, kuma nauyin hannun a ƙarshen jan yake. Na yi aiki da bahago shekara tara, na san sawunsu. Ta ce ta karanta duk abin da aka rubuta a kan ɗakin nan, babu wanda ya taɓa faɗin haka. Na ce masu rubutun ba su taɓa cin abincin rana da hannu mai farar ƙasa ba.

Ta yi dariya. Ba laifi, tana da kai.

Mai zanen an san sunansa, yana cikin littattafai. Na tambayi sunan bahagon. Ta ce ba a rubuta ba.

Asabar, 1 ga Afrilu

Kusan kullum yanzu ina can daga tara zuwa sha biyu. Amedea ta ce ta samu lafiya a kicin.

Talata, 4 ga Afrilu

Dottoressa ta kai ni gaban Adalci ta nuna mini abin da ke damunta. Wani farin abu ne ke tsirowa a hannun da ke riƙe da ma'auni, da gefen wuya, kamar furfura. Gishiri ne, in ji ta. Daga cikin bango yake fitowa, ya turo launin waje har ya ɓare. Tana manna masa jiƙaƙƙiyar takarda, ta tsotse, ta cire, bayan kwana goma ya dawo.

Tana zargin rufi ne ya yi yoyo shekarun baya. An gyara rufin, don haka tana sa ran in ta yi ta tsotsewa zai ƙare kafin Yuni. Amma ta ce abin bai kwanta mata ba, don layin gishirin a tsaye yake, ruwan rufi ba haka yake tafiya ba.

Sai ta ce, tana goge hannu, ba ma ni take kallo ba: "Allah ya taimake mu da kai ka yi aikin. A wasu garuruwan bayan girgizar siminti suka ɗura. Ya riƙe bangon, ya cinye zanen. Gishirinsa ba ya ƙarewa."

Na ce mata ƙafata na ciwo, na sauko.

Laraba, 5 ga Afrilu

Bari in rubuta shi yadda yake, littafina ne.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ina da ashirin da bakwai, na bar Gualtiero da wata shida, ina da mota ɗaya da injin kwaɓa na haya. Bangon gabas ya tsage ta ciki daga sama har kusan ƙasa. Majalisa ta kira mu biyu. Gualtiero ya ce farar ƙasa za a riƙa ɗurawa kaɗan-kaɗan, a jira ta kama, a ƙara, sai an yi shekara. Ni na ce sati uku, kafin bikin waliyyi. Aka ba ni. Takardar ta ce da farar ƙasa, na sa hannu.

Ta ɗakin sama, ƙarƙashin rufi, na huda ramuka bakwai a kan bangon na ɗura ruwan siminti har ya ƙoshi. Ranar Lahadi muka hau da simintin, lokacin kowa na coci, a cikin buhunan yashi. Nazzareno ya buɗe ƙofa. Na toshe bakin ramukan da farar ƙasa, na watsa ƙura.

Ban yi don cuta ba. A lokacin duk mai hankali ya san siminti ya fi ƙarfi, farar ƙasa kayan tsofaffi ce. Dariya muke yi musu. Kuma bangon ya tsaya! Girgiza biyu aka yi bayan nan, hasumiyar coci ta zube, bangona ko gezau. Daga wannan aikin sunana ya tashi.

Gualtiero bai taɓa tambayata ba. Ranar buɗewa ya zo, ya ɗora tafinsa a bangon, ya daɗe, ya ce, "Yana da sanyi." Ya sa hularsa ya fita.

Dottoressa da kanta ta ce watakila rufi ne. Ita ce mai digiri.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Bikin Ista. Gida cike, 'yarmu da mijinta sun zo daga birni. Gasasshen ɗan rago da dankali, burodin cuku na Amedea ya tashi har ya taɓa saman tanda. Surukina ya ɗaga kofi ya ce, "Ga Baba, ga marmara!" Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Kwat ta dawo daga tela, ta zauna daidai.

Waken ya tsiro duka layi huɗu.

Talata, 18 ga Afrilu

Kwana goma sha uku ban hau ba. Na aika cewa gwiwa ce.

Nazzareno ya bar ni na ci wasa biyu, abin da ba halinsa ba. Da sauran suka tashi ya ce jiya ya leƙa zauren, matar tana ta manna takarda kamar mai jinyar gyambo. Na ce aikinta ne. Ya ce, "Bayana har yau yana tuna buhunan yashin nan. Yashi mai nauyin tsiya."

Na ce, tsohon ɓera, in kana da magana fito da ita.

Ya ce shi ba shi da magana, shekara arba'in bai yi ba, ba zai fara da tsufa ba. "Ni dai a gaban Adalci aka ɗaura mini aure, kai ma haka. Shi ke nan. Raba."

Ban raba ba. Na biya kofina na tafi.

Asabar, 22 ga Afrilu

Na ɗaga katakon ramin na ƙara ruwa, alhali ba a yi wata ba. Na tsoma sanda. Laushi kamar man shanu.

Laraba, 26 ga Afrilu

Na koma. Na ce bari in ga allon, an ce an kawo shi. Yana jingine a bayan ƙofa cikin bargo. Na ɗaga gefe. Haruffan sun yi kyau, an zuba musu ruwan zinariya. FABBRINI da B biyu, daidai.

Dottoressa ta hango ni daga sama ta ce, "Signor Fabbrini, gwiwa ta yafe maka?" Na hau. Ta rame. Ta buɗe wani ɗan akwati mai auduga, a ciki akwai wani abu kamar ɓawon ƙwai, bai kai farcen babban yatsa ba. Ta ce ɗan yatsan Adalci ne, ƙaramin. Ranar Litinin ta same shi a kan katako.

Na ce ba za a iya mayarwa ba? Ta ce za ta mayar, za ta kuma sa ɗakin ya yi kyau ranar biki, kowa ya tafa. Bayan shekara goma hannun ya tafi, bayan ashirin fuskar. "Ina share hawaye ne, ban san inda ciwon yake ba." Ta nemi a kawo na'urar da ke leƙa cikin bango, an ce sai baɗi.

Na dubi wurin da yatsan ya fita. Shafen bahagon ne a ƙasa, fari, sumul. Yini guda na aikinsa. Ya tashi da asuba ya kwaɓa, ya shafa, ya koma gefe yana jira wani ya zo ya zana a kai.

A gida na kasa cin miyar wake. Amedea ta dube ni ta ce, "Wa ya mutu?" Na gaya mata. Duka. Ta ajiye cokali ta ce ta sani tun shekarar, ita ta wanke wandon, farar ƙasa ba ta sandarar da wando haka. Shekara arba'in da ɗaya matar nan! Na ce me ya hana ki magana? Ta ce, "Ka taɓa tambayata?" Sai ta tura mini kwanon ta ce in ci kafin ya huce.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Ƙarfe takwas na tsaya ƙofar Nazzareno na ce ya sa takalmi. Bai tambayi ina za mu ba. Makullin ɗakin sama har yanzu yana wurinsa, bai taɓa mayarwa ba, ɓarawon banza.

Na ce wa Dottoressa ta biyo mu da tocila. Matakala sittin da biyu, kashin tattabaru ko'ina. Na auna taku huɗu daga bututun hayaƙi, na durƙusa, na share ƙura, na sa kurfi na buga sau biyu. Farar fatar ta fashe. Ga shi nan a ƙasa, toka-toka, tauri kamar ranar da na zuba.

Na ce bakwai ne. Na nuna mata sauran shidan, ban yi kuskuren ko ɗaya ba. Na uku da na huɗu su ne daidai kan Adalci.

Ta daɗe a durƙushe. Na shirya wa faɗa, na ma tanadi amsa: bangon ya tsaya ko bai tsaya ba? Ba ta ba ni damar ba. Ta ce, "Buhu nawa?" Na ce goma sha tara. "Da yashi ko zalla?" Zalla, da ruwa sosai. "Zurfin fa?" Ta ciro littafi tana rubutawa, ina faɗa.

Da muka gama ta ce, "Sati uku da suka wuce na tsaya a gabanka ina gode maka." Na ce haka ne. Ta ce, "Da ka faɗa ranar, da yatsan bai faɗi ba." Na ce haka ne. Ban taɓa ce wa mutum haka ne sau biyu a jere ba.

Sai ta ce za a iya cirewa ta sama, da hannu, kaɗan-kaɗan, ba inji, don girgizar inji za ta zubar da zanen. A cire tafi guda, a cike da farar ƙasa, a jira, a ci gaba. Shekara, ko fiye. Na ce na san wanda ya taɓa faɗin haka.

Nazzareno ya yi ta share hanci, wai ƙura ce.

Talata, 2 ga Mayu

Corrado ya kira ni ofis. Ya ji labarin simintin, ya ji zauren ba zai buɗu ranar biki ba. Ya yi ja, ya yi fari. An buga takardun gayyata, an kama masu busa, bishop ya amsa zai zo. "Signor Ermete, ba ka iya jira har Yuli ba? Sati takwas fa kawai!" Na ce je ka tambayi yatsan ko zai jira.

Ya ce to allon fa, ya zai yi da shi? Majalisa za ta zauna, wasu na cewa a fasa, wasu na cewa ai bangon ya tsaya. Na ce wannan ruwanku ne, ni ban roƙa ba. Na ƙara masa da maganar ramin titin kasuwa.

A shagon kofi kowa ya juyo ya dube ni da na shiga. Sai mai gyaran famfo, wanda rabin gidajen garin nan ke yoyo saboda shi, ya ce, "Ermete, a sa maka sukari ko siminti?" Aka fashe. Na ce a sa siminti, ya fi bututunka riƙe ruwa. Aka sake fashewa. Shi ke nan, an wuce wurin. Na ɗauka zai fi haka zafi. Ya yi zafi dai.

Juma'a, 5 ga Mayu

Dottoressa ta ce matsalarta farar ƙasa. Ta kasuwa wata shida ce a jiƙe, in an yi sa'a shekara biyu, ga bango mai shekara ɗari biyar. Na ce ta zo gida cin abincin rana.

Amedea ta yi taliya da naman zomo. Bayan kofi na zagaya da Dottoressa baya na ɗaga katakon. Ta tsaya. Ta ce shekara nawa? Na ce talatin da uku a hannuna, ban san nawa a hannun mai shi ba. Ta naɗe hannun riga ta tsoma har gwiwar hannu, babu safar roba, ita da ke yi wa kowa faɗan safa. Ta murza a yatsu ta ce ba ta taɓa taɓa irinta ba, a littafi kawai ta gani. Ta ce a sayar mata. Na ce ba ta sayarwa ba ce, ba tawa ba ce. A zo da bokitai.

Amedea daga taga: "Ku kwashe duka, Dottoressa, har ƙasa! Tumatir nake so!"

Sannan Dottoressa ta ce tana buƙatar hannun da ya san inda simintin ya bi. Amma da sharaɗi: ita ke cewa a buga, ita ke cewa a tsaya. Na ce ni shekara arba'in ba wanda ya ce mini tsaya. Ta ce ta lura.

Litinin zan fara.

Asabar, 20 ga Mayu

Sati biyu, tafi uku muka cire daga rami na huɗu. Tafi uku! Da ma'aikacina ne da na kore shi. Simintin kuwa mai kyau ne, kurfi biyu ya cinye mini. Ba a yin irinsa yanzu.

Asabar, 24 ga Yuni

Bikin waliyyi. An yi shi a dandali, zaure a rufe. Ina jin masu busa ta tagar ɗakin sama. Ba ranar aiki ba ce, amma cikon Alhamis yana son a yayyafa masa ruwa saboda zafi, kuma ba zan bar wa kowa ba. Na tarar da Dottoressa a can, ita ma abin da ya kawo ta ke nan.

Muka sauka ta nuna mini wuyan Adalci. Kwana ashirin da shida da cire takarda, gishirin da ya dawo bai kai rabin na da ba. Ta ce kada in yi murna tukuna. Ban yi ba. Yatsan ya koma wurinsa, sai ka san inda yake za ka gani.

Can ƙasa kusa da dabe, inda kujerun majalisa ke rufewa, ta haska mini wani abu da ta samu jiya: sawun babban yatsa a cikin shafe. Na hagu. Na ɗora nawa a kai. Nasa ya fi ƙanƙanta.

Allon yana nan bayan ƙofa cikin bargonsa. Majalisa ba ta yanke ba, ban tambaya ba. Nazzareno ya ce bayansa sumul ne, zai yi daidai da murza taliya. Amedea ta mayar da kwat cikin leda.

Da za mu rabu Dottoressa ta ce Litinin ƙarfe bakwai, rami na uku, kuma kada in taɓa kurfi kafin ta iso. Na ce to, Maestra.

Ta juyo ta dube ni. Na ce ina nufin Dottoressa. Bakina ne ya suɓuce, zafi ya yi yawa a saman nan. Mutum ɗaya na taɓa kira da wannan sunan, Maestro Gualtiero, kuma shi namiji ne mai gashin baki.

Waken ya isa tsinka. Gobe da safe, kafin coci.